Faya-fayai Goma Sha Ɗaya Masu Shuɗin Zare

Yau shekara talatin da biyar ke nan da muka kai mahaifina, Malam Sule, makwancinsa a Panshekara. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. A bana na lura da wani abu da ya hana ni sakat: na girme shi. Ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu, ni kuwa ga ni na haura hamsin da bakwai, ina yawo da maganin hawan jini a aljihu. Duk wanda ya san ni ya san ni mutum ne mai zullumi. In ɗana ya yi jinkirin minti goma a hanya, ni na riga na hango gadon asibiti. 'Yan'uwana suna yi mini tsiya, wai da damuwa aka yanke mini cibi. Ban taɓa musa musu ba. Abin da ban gaya musu ba shi ne, akwai damuwa guda wadda ita ce uwar sauran, kuma duk shekarun nan tana kwance cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon mahaifiyarmu.

Baba masaƙi ne, amma ba irin wanda yake zama a inuwar ɗurumi yana harba ƙoshiya ba. Masaƙin inji ne. Ya baro ƙauyenmu a ƙasar Ringim a farkon shekarun saba'in da niyyar cin rani ɗaya ya koma, sai wata masaƙa a Bompai ta riƙe shi. Daga baya ya koma wata a Challawa, ya sayi fili a Panshekara, ya gina ɗaki biyu da zaure, ya ɗauko mu daga ƙauye. A nan na ƙarasa wayo. Ba ruwanmu da agogo a lokacin, jiniyar kamfani ce agogonmu. In ta yi kuka da rana, sai ka ga kekuna sun ɓarko daga ƙofofin kamfanoni kamar an tona gidan tururuwa, 'yan aikin safe suna fita, 'yan aikin rana suna shiga. 'Yan majema ana gane su da wari. 'Yan masaƙa kuwa da farar ƙurar auduga a gashi da gira, sai kuma ƙarfin murya.

Ƙarfin muryar yana da dalili. Sau ɗaya na taɓa leƙa ɗakin saƙar, ban yi minti biyar ba na fito, kunnena ya wuni yana ƙugi. Su kuwa awa takwas suke yi a ciki kullum, abin kariyarsu bai wuce ɗan curin auduga a kunne ba. A hankali ƙarar ta riƙa cin jinsu, har suka koyi karanta magana a leɓen mutum, domin a ɗakin nan ko ihu ka yi babu mai jin ka. In suka taru a zaurenmu ranar Lahadi suna gaisawa, baƙo zai rantse faɗa ake yi. Akwai ranar da wani sabon maƙwabci ya shigo a guje zai raba, ya tarar lafiyar iyali ake tambaya.

Abin da yake tara su shi ne garmaho. Baba ya sayo shi a Sabon Gari, ɗan akwati ja mai cin batir shida, kuma a duk layinmu shi kaɗai yake da shi. Ga wanda bai riski abin ba, faifan garmaho wani baƙin abu ne mai faɗi, a ɗora shi ya riƙa juyawa, a sauke masa allura a hankali, sai waƙa ta fito. Ba ya son rana, ba ya son ƙura, ba ya son hannun yaro. To abokan aikin Baba yawancinsu gwauraye ne, mutum biyar ko shida a ɗaki guda mai rufin kwano, ga zafi, ga shige da fice, kuma da damina wasu sukan tafi gida noma. Mutum ya ga faifan da ke ɗauke da kiɗan garinsu, ya kasa haƙuri ya saya, alhali ba shi da garmaho, ba shi da wurin ajiya. Sai ya kawo wa Sule. Haka gidanmu ya zama ma'ajiyar waƙoƙin 'yan masaƙa, ranar Lahadi kowa ya zo a sa masa nasa, a ƙure ƙara har Inna, mahaifiyarmu, ta aiko daga cikin gida cewa a tausaya wa kajinta.

Baba bai yi boko ba, kuma bai yarda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa a kan kayan mutane ba. Sai ya samo dabara daga wurin aikinsa. Yakan huda kusurwar jakar takardar da ake saka faifai, ya ɗaura guntun zare. Kowane mutum da launinsa: ja na wane, kore na wane, rawaya na wane. Nasa na kansa ba su da zare. Guntayen zaren nan shara ce da ake kwashewa daga ƙarƙashin inji a zubar, amma Inna ta ba ni labarin cewa sai da ya je ya nemi izinin foman kafin ya ɗebo, har foman ɗin ya yi ta dariya yana cewa bai taɓa ganin wanda ya roƙi shara ba. Mutumin da ya haife ni ke nan. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya auna nauyin abin da na yi daga baya.

Shuɗin zare na Mamman Ɗan Tasawa ne, wani dogon mutum daga garin Tasawa na ƙasar Nijar wanda injinsa yake kusa da na Baba. Shekara goma sha wani abu suka yi kafaɗa da kafaɗa, suna hira da leɓe da yatsu. Shi ne yakan ɗaga ni sama ina ƙarami yana cewa, "Ɗan Sule, ka ci tuwo ko iska kake sha?" Faya-fayansa goma sha ɗaya ne. Akwai na goge irin na ƙasarsu, akwai na gurmi, akwai biyu na kiɗan Kwango masu rubutun Faransanci a bango. In aka sa masa na gogen nan, yakan juyo da kunnensa na hagu wajen garmahon, domin na dama ya riga ya tafi, ya lumshe ido, ba ya sake cewa uffan sai waƙar ta ƙare.

Da shekarun tamanin suka yi tsakiya, abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Kayan aiki suka yi wuya, aka rufe wani sashe na masaƙar, aka fara manna sunayen waɗanda aka sallama a bakin ƙofa. Ban manta yadda Baba yake fita da safe a watannin nan ba, ba ya iya karin kumallo, kuma da yake ba ya karatun boko sai ya tsaya wani ya duba masa takardar. Sunansa bai fito ba, amma na Ɗan Tasawa ya fito. Ranar da zai tafi ya zo zaurenmu da ƙunshin kayansa. Baba ya fito masa da faya-fayansa, ya ce a'a, a bayan babbar mota za su tafi, rana za ta lanƙwasa su kafin a kai kan iyaka. "Su zamna wurinka, Sule. In na samu wuri ni taho in ɗauka."

A daidai wannan lokaci ne ni kuma na zama saurayi, na shiga karatun addini da zafina. Karatun bai yi mini laifin komai ba, ni ne na ɗauki ɗan abin da na sani na mai da shi bulala. Na fara jin kunyar a ce gidanmu ne gidan garmaho. Wata rana na tsaya a gaban mahaifina, mutumin da ban taɓa ganin sallar asuba ta kuɓuce masa ba, ina yi masa wa'azi a kan kiɗa, har da ɗaga murya, wai don ya ji. Ya kalli bakina har na gama. Sannan ya ce, "To, Malam Garba, na ji. Nawa na haƙura da su. Na mutane fa, in yi yaya da su?" Daga ranar ya cire batir daga garmahon, ya naɗe shi da tsohon zane, ya sa shi tare da faya-fayan cikin akwatin ƙarfe. Masu jan zare da kore da rawaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar nasu. Zauren ya yi tsit, ni kuma na ɗauka nasara na yi.

Tari ne ya kama Baba, irin wanda ƙurar auduga take bar wa masu saƙa a ƙirji. Kwana uku kafin ya cika, da hantsi, ya sa aka kira ni. Ya nuna akwatin ƙarfen da ido, ya ce, "Masu shuɗin zare na Ɗan Tasawa ne. Goma sha ɗaya. In ya zo ka ba shi. Kada a binne ni da kayan wani a wuyana." Na ce to. Ba wanda ya ji sai ni, domin Inna tana madafi. Wasiyya ce ƙarara, babu wani lauje cikin naɗi, kuma ba zan iya cewa ban fahimta ba.

Labarin rasuwar ya isa Nijar a makare. Ranar da muka cika kwana bakwai, muna zaune a tabarma a ƙofar gida, abokan karatuna sun kewaye ni, sai ga Ɗan Tasawa ya sauko daga bayan wani mai keke, ƙafafunsa fal ƙura. Ya yi ta'aziyya, ya yi kuka irin na manya, wanda hawaye ke zuba fuska ba ta motsi. Da zai tashi sai ya matso kusa da ni, ya yi iya ƙoƙarinsa ya rage murya, amma muryar ɗan masaƙa ba ta raguwa. Kowa ya ji shi ya ce, "Ɗan Sule, Malam bai bar mini saƙo ba?" Na ga idanun abokaina a kaina. Na hango kaina ina shiga gida ina fitowa da tulin faya-fayan kiɗa a zaman makokin ubana, ni da nake hana mutane. Sai na ce, "Babu." Ya ɗan tsaya yana kallona, ya dubi ƙofar zauren, ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya tafi. Da aka zo rabon ɗan abin da Baba ya bari, liman ya tambaya har sau uku ko akwai ajiyar wani a hannun mamaci. Ni ne babba, ni kowa ya kalla, na yi shiru.

Na yi niyyar farfasa su a satin nan, hannuna ya ƙi. Sai na tura akwatin ƙarƙashin gadon Inna, na ce mata tsofaffin kayan Baba ne. Daga nan yau da gobe ta fara aikinta. Shekarar farko na ce sai na sami wanda zai je Tasawa. Ta biyar na ce ai ya manta. Ta goma na ce wa ya san ko yana raye. Zafin kan nan ya huce tuntuni, abokan da na ji kunyarsu kowa ya kama gabansa, wasunsu ma ko sunana ba za su tuna ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk hudubar da aka ambaci amana, sai in ji kamar liman ni yake nunawa. Duk jana'izar da na je aka ce wanda yake da haƙƙi a kan mamaci ya yi magana, sai gabana ya faɗi. Abin da ya fi ci mini rai ba zunubina ba ne. Tsoron da nake yi shi ne kada a ce mutumin da ya nemi izini kafin ya ɗauki shara yana can a tsare saboda kalma ɗaya da ɗansa ya faɗa. Malamai da dama sun ce mini, ba tare da sun san da kaina nake ba, wanda ya yi wasiyya ya fita. Na ji, amma zuciyata ba ta taɓa yarda gaba ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo yau. Da zai bi ta Sharada da Challawa ya ga dogayen gine-ginen da jiniya take kuka a cikinsu, wasu sun zama rumbun ajiyar kayan da aka saƙa a wata ƙasa, wasu ciyawa ta cinye harabarsu, ina jin sai ya tsaya ya tambayi inda mutane suka tafi. Da zai ga jikokinsa kowa da waƙa dubu a cikin waya, da wani ɗan abu toshe a kunne, zai fara yi musu faɗa ne a kan kunnen, domin shi ya san ba a sayen sabo. Ina jin kuma zai yi mamakin waƙar da ba ta buƙatar a tara mutane, ba ta buƙatar a ba wani ajiya. Amma duk wannan hasashe ne na mai neman kauce wa tambayar gaskiya. Na san abin da zai fara tambayata, kuma kalma uku ce: "Ka ba shi?"

Rana ba ta ƙarya. A watan jiya muka ce a gyara rufin ɗakin Inna kafin damina ta sauka, dole aka fitar da gado. Ƙanwata Talatu ce ta jawo akwatin tsakar gida, ta ce yau dai sai ta ga dukiyar da Yaya yake gadi. Kafin in buɗe baki ta ɓalle kwaɗon, wanda tsatsa ta riga ta cinye. Wani ƙamshi ya taso, na tsohuwar takarda da man inji, ƙamshin rigar Baba sak. Garmahon yana nan naɗe da zanensa. Faya-fayan kuma a tsaye ya jera su, ba a kwance ba, tsakanin kowane biyu ya sa ƙyallen atamfa don kada su gogi juna. Talatu ta riƙa zaro su tana shewa. Ga na kalangu wanda yakan sa in an yi albashi. Ga na kukuma da bangonsa ya yage ya ɗinke da zare da allura. Ga wasu na Sudan, ga ɗaya na Indiya wanda ya rufe hoton matar da ke bangon da takardar siminti don kunyar Inna. A jikin wani na ga sawun babban yatsansa, baƙi, na man inji. Na ɗora nawa a kai, nasa ya fi faɗi.

Inna tana zaune a kan tabarma tana kallo, ta haura tamanin amma idonta garau. Ni ɗan fari ne, don haka tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma in magana ta yi nauyi ba ta fuskantata da ita. Da Talatu ta zaro na ƙarshen layin, sai Inna ta daina jan carbi. Ta ce, "Talatu, tambayi yayanki, shuɗin zaren nan me yake yi a gidan nan?" Ta ce, "Tambaye shi, ba mutumin ya zo ranar bakwai ba? Ni da na aika masa da fura?" Ashe duk shekarun nan ta ɗauka na ba shi, ta kwanta a kansu shekara talatin da biyar ba ta sani ba. Na durƙusa a tsakar gida, da furfurata, na faɗi gaskiya ina kallon ƙasa. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Gaya masa ban san inda zai samo shi ba, amma kada in riga shi tafiya in je in tarar da Malam ban da amsa."

Kwana tara na yi ina nema, kuma kwana taran nan ban ci abincin kirki ba. Na ƙirga faya-fayan ya fi sau ashirin, na ɗaga kowanne a haske ina duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Goma sha ɗaya, lafiya lau. Na kai garmahon wurin wani tsohon mai gyaran rediyo, ya yi ta jinjina kai, ya samo masa allura, ya tashe shi. Na fara shirin tafiya Tasawa, ina lissafin abin da zan ce wa magada in na tarar ya mutu, domin a raina na riga na binne shi. Sai Talatu ta ce in fara zuwa tsohuwar masaƙar tukuna. A bakin ƙofar na sami wani dattijo mai gadi wanda ya yi aiki a ɗakin rini a zamaninsu. Da na ambaci sunan sai ya ce, "Dogo Ɗan Tasawa? Ai yana Na'ibawa wurin ɗansa mai sayar da katako. Ya fi shekara ashirin da dawowa." Na'ibawa kuwa a bakin hanyar Zariya take, hanyar da nake bi kusan duk mako, ina wuce shi ina addu'ar Allah Ya haɗa ni da mai zuwa Nijar.

Da safe na je. Ɗansa ya tare ni a ƙofar gida, na gaya masa ko ni wane ne, ya ce, "Ku shigo, Alhaji. Amma fa ba ya ji ko kaɗan. Sai dai ku zauna inda zai ga bakinku." Na same shi a kan buzu a inuwar katanga, tsawon nan ya tanƙware, amma idon yana nan. Na kwana ina shirya maganar da zan faɗa kaina a sunkuye, kamar yadda mai laifi yake yi a gaban babba. Na durƙusa, na ajiye ƙunshin, na fara. Sai na ji yatsunsa a haɓata, ya ɗago fuskata. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce da muryar nan tasu mai cika gida, "Ɗan Sule ne. Ɗaga kanka. In ka sunkuya ban jin ka."

Haka na faɗi komai, ido cikin ido, a hankali, ina buɗe baki sosai don kada kalma ɗaya ta wuce shi. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba. Da na kai kan "babu" ɗin nan, sai ya gyaɗa kai.

"Na sani," in ji shi. "Ran nan ma bakinka na duba. Leɓenka na rawa."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ku sake tambaya ba? Kun dawo garin nan, kun san gidan."

"In ƙaryata ɗan Sule a ƙofar gidan Sule? Na ce in ya girma shi kawo. Ka dai daɗe."

Na ce, "Ku yafe wa mahaifina, don Allah. Ya yi wasiyya, ni na danne."

Ya kalle ni kamar na yi wauta. "Mi Sule ya yi? Sule ya ɗaura zare. Kai ma na yahe maka, tashi."

Da maganar ta tsaya nan, da na dawo gida da sauƙin zuciya. Amma ya kwance ƙunshin, ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana shafa shuɗin zaren, har ya zo kan na gogen nan. Ya riƙe shi da hannu biyu ta gefe, yadda Baba ya koya musu. Ya taɓa kunnensa na hagu, ya ce, ba da zargi ba, kamar mai ba da labarin damina, "Ran da na taho ta'aziyya, wanga da sauran ji. Shekara huɗu bayan nan ya ruhe."

Ban san abin da zan yi ba, sai na yi abin da na zo da shirinsa. Na buɗe jan garmahon, na sa batir, na ɗora faifan, na sauke allura. Gogen ya tashi, siriri, da ɗan ƙaiƙayin tsufa a cikinsa, ya cika tsakar gidan. Matan gida suka leƙo, ɗansa ya tsaya da baki buɗe. Shi kuwa ya juyo da kunnen hagu wajen akwatin, kamar yadda yake yi a zaurenmu, ya lumshe ido. Waƙar ta kusa rabi sai ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Ya fara?"

Na gyaɗa kai. Sai ya miƙa tafin hannunsa ya ɗora a jikin akwatin, ya bar shi nan har allura ta kai ƙarshe.

Na koma na gaya wa Talatu ta gaya wa Inna an kai. Inna ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da jan carbinta. Zullumin da nake yi wa Baba ya sauka, wannan kam na shaida, domin mai haƙƙi da bakinsa ya wanke shi. Nawa ne bai sauka ba. Na mayar da faifai goma sha ɗaya ba tsaga ba lanƙwasa, an kuma yafe mini, amma akwai shekara huɗu ta sauraro da na ƙwace wa mutumin da inji ya riga ya cinye masa kunne ɗaya, kuma ba ni da akwatin da zan buɗe in ɗauko masa su. Da na sani ƙeya ce.

In an tambaye ni me ya rage na Malam Sule bayan shekara talatin da biyar, ba zan nuna masaƙar ba, don ta yi shiru. Ba zan nuna gidan ba, don mun sauya masa kama. Faya-fayansa marasa zare suna wurina, nakan sa ɗaya ranar Lahadi, ba kuma na jin kunyar kowa. Amma abin da ya fi su daɗewa shi ne ɗan ƙullin da ya yi da yatsunsa a kusurwar takarda, wanda ya jira ɗa mai taurin kai har ya yi furfura, bai kwance ba. A satin da ya wuce na zaga gidana ina duba abin da ba nawa ba. Na sami tsanin maƙwabci, da littattafai uku, da wata darduma da wani ya manta tun bikin 'yata. Na mayar da waɗanda na iya. Sauran na ɗaura musu zare, na kira babban ɗana na nuna masa, na kuma sa ya maimaita mini a gaban uwarsa. Allah Ya gafarta wa Baba da abokan aikinsa da suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke kayan mutane tun masu su suna da kunnen ji.